Ku Bar Yaran Miskine Su Ƙera Jirgin Ƙasa

Jama'a, ƙasarmu ba ta da jirgin ƙasa. Ɗan guntun layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa tsakanin Zinga da Mongo ya daina aiki tun wajen 1960. Kayan da ke cika kasuwar PK5 a manyan motoci suke isowa daga Douala. To yaron da bai taɓa ganin kan jirgi ba, ta ina zai yi mafarkin tuƙa shi?

A Turai da Amurka har dattawa na tara ƙananan kawunan jirgi masu kamannin na dizal, a sikelin da ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87. Kan jirgi mai tsawon mita 17.4 sai ya dawo santimita 20. Lissafi ke nan tsantsa.

Mu kuwa da yaro ya haɗa motar langa-langa da gwangwani da waya, sai bulala, wai shiririta. Haba iyaye!

Na san kuɗin sayo na kanti sun fi ƙarfinmu, ba kuma shi nake nema ba. Malamai 'yan'uwana, mu ba yara hoto da ma'auni, su raba da 87, su yanka gwangwaninsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.