Koyon Aiki A Ƙungiyoyin Duniya: Ina 'Ya'yan Ƙaraye Da Rogo?

Mutanen ƙasar Ƙaraye da Rogo ba baƙin fararen motocin nan masu tambarin ƙungiyoyin duniya ba ne. Tun farkon shekarun 1980, sa'ad da aka kafa hukumar KNARDA da rancen Bankin Duniya, manoman wannan yanki suka saba da ganin baƙi suna zuwa da takardu suna tambayar yawan buhunan masarar da aka noma. Sa'an nan aka shiga yaƙi da cutar shan-inna. Bayan Jihar Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 aka kuma dawo da shi a 2004, 'yan matanmu da matan aurenmu da samarinmu ne suka riƙa bi gida gida da akwatin sanyi a kafaɗa da alli a hannu, cikin rana da ruwan sama, har zuwa ran 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

To, amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Wa ya rubuta sharuɗɗan ɗaukar waɗannan ma'aikata? Wa ya yanke cewa wannan aiki sai mai digiri, wancan kuwa mai sakandare ma ya isa? Wa ya tsara alawus ɗin kwana, da ranar da kwantiragi zai ƙare? Duk a ofishi guda ake tsara irin wannan, watau sashen kula da ma'aikata, kuma a iya yawon da na yi wajen neman labari a yammacin jihar nan ban taɓa cin karo da ɗan Ƙaraye ko ɗan Rogo da ya ce mini yana zaune a wannan ofishi a wata ƙungiyar duniya ba.

Hanyar shiga irin wannan ofishi kuwa sananniya ce ga waɗanda suka san ta. Galibin ƙungiyoyin nan, kamar UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya, suna da shirin koyon aiki na 'yan watanni, wanda ake ɗaukar ɗalibin da ke dab da gama jami'a, ko mai karatun digiri na biyu, ko wanda bai daɗe da gamawa ba. Wanda aka tura sashen kula da ma'aikata zai ga yadda ake rubuta sanarwar gurbin aiki, da yadda ake tace takardun mutum ɗari a fitar da biyar, da irin tambayoyin da ake yi a wajen ganawa, da yadda ake ajiye fayil ɗin ma'aikaci daga ranar da ya kama aiki har ranar da ya bari. Ba a yi masa alkawarin aiki in ya gama, wannan gaskiya ne. Sai dai zai fito ya san ƙofa, ya san makulli, ya kuma san abin da ke sa a jefa takardar mutum a kwandon shara tun ba a kai shafi na biyu ba.

Kwanan baya na zauna da wani saurayi a wani ƙauye na Rogo, mai digiri a fannin mulki, wanda ya shekara da shekaru yana aikin rubuta lissafi a duk lokacin da aka fito rigakafi. Ya iya aikinsa ƙwarai, har ya nuna mini kurakuran da yakan gyara a fom ɗin abokan aikinsa. Da na tambaye shi ko ya taɓa neman gurbin koyon aiki, sai ya ce shi dai bai taɓa jin akwai shi ba, kuma ko da ya ji, wa zai ciyar da shi wata shida a Abuja?

Wannan tambaya tasa ita ce cibiyar maganar, kuma ba a Rogo kaɗai ake yin ta ba. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekaru da yawa tana karɓar masu koyon aiki ba tare da ta biya su ko kwabo ba. A watan Agusta 2015 labarin wani matashi ɗan ƙasar New Zealand, David Hyde, ya cika jaridun duniya, domin an same shi yana kwana a tanti a bakin tafkin Geneva yana koyon aiki a ofishin Majalisar. In ɗan ƙasa mai arziki ya kwana a tanti, ɗan manomi daga bakin madatsar ruwa ta Chalawa fa? Sakamakon irin wannan tsari shi ne 'ya'yan masu hali na ƙasashe masu hali su cika guraben, su ne kuma gobe za su zauna su tsara yadda za a taimaki talakan da ba su taɓa gani ba. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da a gyara, ya ce a riƙa tallafa wa masu koyon aiki da kuɗi, a kuma yi ƙoƙari aƙalla rabinsu su fito daga ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. UNICEF ma tana ba da ɗan abin kashewa. An ci gaba ke nan, amma alawus ɗin da zai ishi wanda iyayensa ke da gida a Maitama ba lalle ne ya ishi wanda zai kama hayar ɗaki ya kuma aika da wani abu gida ba.

Na san wasu za su ce koyon aiki bauta ce kawai, a sa yaro ɗaukar fayil da buga takarda sa'an nan a sallame shi. Wasu kuma za su ce ƙungiyoyin ma yanzu rage ma'aikata suke yi, tun da Amurka ta tsuke bakin aljihunta a farkon 2025. Duka biyu akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni a ganina ilimin bai tsaya ga ƙungiyar da aka koye shi ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da daraktan kula da ma'aikata, kuma ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi ya fi ni sanin wahalar da ake sha a ƙasar nan in fayil ya ɓace, ko ƙarin girma ya makale, ko tsoho ya yi ritaya ya shekara yana zirga-zirga a kan haƙƙinsa. Yaron da ya ga yadda ake tafiyar da wannan aiki bisa ƙa'ida, in ya dawo sakatariyar Ƙaraye ko ta Rogo, ba a yi asarar kuɗin da aka kashe masa ba.

Saboda haka nake ganin nauyin yana kanmu kafin ya hau kan baƙi. Ƙasar nan ta daɗe da yarda da amfanin horon sanin makamar aiki, domin tun 1973 asusun ITF ya ɓullo da shirin tura ɗalibai masana'antu da ofisoshi. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomin biyu, da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, su keɓe wani abu domin ɗalibin da ya sami gurbi da ƙoƙarin kansa, a biya masa kuɗin mota da haya na watannin da zai yi. Ko mutum biyu aka ɗauka a shekara daga kowace ƙaramar hukuma an fara. Masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta bar mata waɗannan ƙananan hukumomi biyu, tana da bakin da za ta tara 'yan kasuwa da manyan ma'aikata 'yan asalin yankin su sa hannu. Ba kuma dole sai Abuja ko Geneva ba, gama UNICEF tana da ofishi a birnin Kano, haka ma cibiyoyin binciken aikin gona na IITA da ICRISAT.

Ku kuma ɗalibai, sanarwar guraben nan a shafukan intanet na ƙungiyoyin ake sa ta, ba a allon sakatariya ba, kuma tana da ranar rufewa. Wanda ya bari sai ya gama bautar ƙasa ya zauna shekara uku a gida, sau da yawa sharaɗin ya riga ya wuce shi. A nema tun ana aji na ƙarshe, a gyara Turanci, a koyi aiki da kwamfuta. Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta ba sa karɓar kuɗin fom ko na ganawa a kowane mataki, don haka duk wanda ya ce a tura masa kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne, a kai maganarsa wurin 'yan sanda.