A Ba Karkara Kasonta Na Wutar Lantarki

A cibiyoyin ajiye bayanai akan jera manyan kwamfutoci, wato saba, wani lokaci har 16 cikin akwati guda, dukkansu suna shan wuta daga tushe ɗaya. Akwai na'urar da ke kula da rabon. Ita ke yanke wa kowace kwamfuta iyaka, in kuwa wuta ta ragu sai ta rage saurin waɗanda aikinsu ba na gaggawa ba ne, maimakon ta kashe su ɗungurungum.

Ya kamata masu rabon lantarki su yi koyi da wannan tsari. A watan Afrilun 1924 babu wanda ya san da irin wannan magana, amma a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana. Rukunin E kuwa awa 4 aka rubuta masa. Wutar da kamfanin KEDCO ke samu, ita ake kasa wa Kano da Katsina da Jigawa, kuma ba sai an faɗa ba, in ta yi ƙaranci wanda ya fi biya za a fara dubawa.

To, ina makomar ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda injin niƙa da rijiyar burtsatse da firjin allurar rigakafi ke jiran layi ɗaya?

Lalle ne a buga jadawalin awoyin kowane layi, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a haramta taɓa awa huɗun nan ko da wuta ta ragu.