Haƙƙin Mai Koyo A Kan Waɗanda Suka Sauya Nahawu

A cikin watan Disamba na shekarar 2008 ne masanan da ke kula da Python, harshen nan na rubuta wa kwamfuta umarni wanda Guido van Rossum mutumin ƙasar Holan ya ƙago, ya kuma fitar wa jama'a a 1991, suka zartar da wani hukunci mai nauyi, suka fito da bugu na uku na harshen, alhali suna sane da cewa abubuwa masu ɗimbin yawa da aka rubuta da bugu na biyu ba za su ƙara aiki ba sai an bi su an gyara. Hujjojinsu kuwa masu ƙarfi ne, kuma mu kanmu mun ci moriyar ɗaya daga ciki, domin tun daga wannan bugu ne harshen ya riƙa ɗaukar haruffan duniya duka da daraja ɗaya, har ƙ da ɗ da ɓ namu suka sami shiga ba tare da wahalar da ake sha a da ba. Ban zo in yi jayayya da wannan hukunci ba. Abin da nake nema a duba shi ne haƙƙin da ya rataya a wuyan wanda ya shafe wata ƙa'ida ya kafa wata, game da mutumin da labarin shafewar bai riske shi ba.

Ga yadda abin yake a zahiri. Ɗalibi ya buɗe littafinsa, ya tarar da darasin farko yana cewa ya rubuta print "Sannu", ya kwafa harafi da harafi, bai ƙara ba bai rage ba, ya danna. A bugu na biyu kwamfuta za ta amsa masa da Sannu. A bugu na uku kuwa, tsawon kusan shekara shida, abin da take mayar masa shi ne kalmomi biyu na Turanci, "invalid syntax", wato nahawunka bai inganta ba, da wata 'yar alama tana nuna ƙarshen layin, alhali ba can cutar take ba. Sai ya koma littafi ya gwada, ya ga babu bambanci ko na ɗigo. Ya goge ya sake rubutawa. Ya fara tuhumar na'urarsa, daga nan ya koma tuhumar basirarsa. Gyaran kuwa bai wuce baka biyu ba, a rubuta print("Sannu"). Sai a shekarar 2014, cikin bugun 3.4.2, aka sa saƙon ya faɗa ƙarara cewa baka biyu ne suka ɓace, a 2017 kuma aka ƙara masa nuna wa mutum yadda layin zai kasance in an gyara.

Misalin wancan saƙo na farko kamar malami ne da ya biya wa almajiri karatu jiya, yau almajirin ya kawo hadda kamar yadda aka biya masa, malam ya ce ba daidai ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, bai ce an canja ba, bai kuma faɗi yadda aka canja ba. Wanda ya yi kuskure da wanda ya yi aiki da ƙa'idar da aka shafe ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma duk mai adalci ya san na biyun bayani yake buƙata kafin gyara.

An daina kula da bugu na biyu ranar 1 ga Janairu, 2020, amma littattafai ba su san wannan rana ba. Suna nan a kasuwar tsofaffin littattafai, suna cikin takardun darasi da ake ta ɗaukar hotonsu shekara bayan shekara, suna cikin bidiyo da amsoshin da aka zuba a intanet tun da daɗewa, babu wanda ya koma ya rubuta musu ranar rasuwa. Gwani ba ya faɗawa wannan rami, da kallo ɗaya ya gane tsohon rubutu. Mai faɗawa shi ne sabon shiga, musamman irin namu da ke koyo a Kano ko Zariya ko Maraɗi da littafin aro da datar da ake lissafinta, babu wani babba kusa da zai tambaya, ga shi kuma saƙon da Turanci yake zuwa, harshen da shi ma koyonsa yake yi.

Wajibi ne a yaba abin da aka yi. A bugun 3.9 na shekarar 2020 an sauya sashen da ke yi wa rubutu li'irabi, shekara guda bayan haka kuma, da ƙoƙarin Pablo Galindo Salgado da abokan aikinsa, bugun 3.10 ya zo da saƙonni masu faɗin inda aka buɗe baka ba a rufe ba, da inda aka mance waƙafi. To amma a cikin wannan alheri ne aka sami mas'alar da ta fi damuna. A tsohon nahawu, mai son ya tare wani kuskure ya kuma raɗa masa suna yakan rubuta except ValueError, e: a sabo kuwa kalmar as ce ta maye gurbin waƙafin. Da bugun 3.10 ya ci karo da tsohon salon, sai ya ba da fatawar cewa nau'o'in kuskure in sun fi ɗaya a sa su cikin baka biyu. Fatawar sahihiya ce a kan kanta, sai dai ba ita ce amsar wannan tambaya ba, kuma wanda ya bi ta zai ga saƙon ya ɓace, ya ɗauka ya warke, alhali ya rubuta abin da ba shi yake nufi ba. Sa'an nan a bugun 3.14 na watan Oktoba 2025 aka halatta jera nau'o'in da waƙafi ba tare da baka ba, saboda haka wancan tsohon layi yanzu yana wucewa salin alin da wata ma'ana dabam, ba ya tona kansa sai ranar da kuskuren ya auku da gaske, wato daidai lokacin da aka dogara da shi. Ga shi kuma tun a bugun 3.13 na 2024 an cire 2to3, kayan aikin da ke juya tsohon rubutu zuwa sabo.

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba na raina shi. Akasarin masu wannan hidima sa kai suke yi. Kowane saƙo na musamman ƙarin kaya ne da wani zai riƙa kula da shi shekaru. Kuma na'urar da ke yawan zato kan nufin mutum za ta yawaita ɓatar da shi. Sai dai wannan uzuri na ƙarshe ni yake goya wa baya, domin ɓatarwar da muka gani a sama ta samo asali ne daga mancewa da cewa akwai tsohon nahawu. Siffofin da aka shafe kuwa ba su da yawa, sanannu ne, ana iya ƙirga su: waƙafi bayan raise, da alamar <> mai nufin ba daidai ba, waɗanda har a bugun 3.12 na 2023 kalmomin nan biyu na "invalid syntax" kurum suke samu, da 'yan kaɗan irinsu. An riga an yi wa lambobi masu farawa da sifiri bayani mai gamsarwa, wanda ke nuna aikin mai yiwuwa ne.

Abin da nake roƙon masu harshen shi ne saƙon ya ambaci asalin cutar da sunanta, ya ce wannan salon Python 2 ne, ga yadda ake rubuta shi yau, domin wannan jumla guda za ta sanar da ɗalibi cewa littafinsa ne ya tsufa, ya nemi wani tun kafin ya ɓata wata uku a kansa. Malamanmu na jami'o'i da na cibiyoyin koyar da kwamfuta kuma, kafin zangon karatu mai zuwa, ku buɗe takardun da kuke raba wa yara ku duba: duk inda kuka ga print babu baka biyu, ku janye takardar ku sake ta.