A Rubuta, A Kafa Shaidu

Daga Ƙofa zuwa Tudun Wada, matasa masu sayar da shinkafa da hatsi sun fara biyan masana kwamfuta su gina masu shafin intanet, amma wasu da baki kawai suke ƙulla cinikin. Wannan ganganci ne. Sunan shafi haya ne, ana sabunta rajistarsa. Idan maginin ya yi ta da sunansa, ranar da aka saɓa zai tafi da shafin, har da masu sayen. Lallai ɗan'uwa ya rubuta yarjejeniya: nawa ne, yaushe za a gama, wa zai riƙa gyara, kuma rajista da kalmar sirri su zauna hannun mai kaya. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarci a rubuta bashi, a kafa shaidu. 'Yan'uwantaka ba ta hana takarda.