Garin Da A Ka Hora, A Ka Bar Mai Saye

In mun ji ana yabon zaɓen Ingila a darasin tarihi, mu kan ɗauka haka ya ke tun asali. Ashe ba haka ba ne. Ga labarin wani gari, Sant Albans, kamar mil 20 arewa da Landan.

A shekarar 1850 ɗaya daga cikin wakilan garin biyu a Majalisa ya rasu. Wani attajiri mai sayar da magunguna, Jacob Bell, ya nemi kujerar, ya kuwa samu. A zamanin nan ba a ɓoye ƙuri'a. Mutum ya kan faɗi wanda ya ke so gaban jama'a, magatakarda ya rubuta. Saboda haka wanda ya biya ba ya tsoron a ci kuɗinsa a zaɓi wani. Dillalin Bell na zaune cikin wani gida, ana shiga ɗai ɗai, ana fitowa da fam na zinariya, har a ka raɗa wa lungun suna Lungun Fam. Da masu bincike su ka zo a 1851, su ka tarar cikin masu ƙuri'a 483, mutum 308 sun karɓi hanci.

To, ina hukunci? A 1852 a ka ƙwace wa garin wakilcinsa ɗungum. Shi kuwa Bell ya zauna bisa kujerarsa har Majalisar ta tashi.

Nan ne mu ke da magana. Tun muna makarantar allo a ka koya mana mai ba da rashawa da mai karɓa laifinsu ɗaya. Ba mu wanke masu karɓa ba, ko kusa. Amma sauran 175 ɗin nan fa, me su ka yi? Laifin wasu ya shafe su, mai jaka ya tsira. Mu da za a ba riƙon aji gobe mun san wannan irin shari'a, ta malamin da ya rasa mai laifi ya bulale ajin duka.

A 1872 a ka soma jefa ƙuri'a a ɓoye, amma cinikin bai mutu ba, don a zaɓen 1880 an sāke kama garuruwa, har da Makilsfil. A 1883 doka ta ƙara matsa wa mai saye: ta ƙayyade abin da zai kashe, in kuwa dillalinsa ya ba da hanci, kujerar ta tafi.