RA'AYINMU: Keke Mai Araha, A Saya Amma A Yi Hattara

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, harkar sufuri ta zama babban abin da ke ci wa talakan Nijeriya tuwo a ƙwarya. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce Naira 1,000 a shekarar 2024. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka ga malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ɗalibai sun koma ga keke, abin hawan da mutane da yawa suka yi wa kallon raini tun zamanin kuɗin Udoji na 1975, sa'ad da kowane ma'aikaci ya ƙwallafa rai a kan babur ko mota.

Mu dai muna maraba da wannan komawa. Keke ba ya shan mai, gyaransa kuma bai fi ƙarfin mai faci na bakin hanya ba. Mutumin da ke da nisan kilomita 10 tsakanin gidansa da wurin aiki zai iya isa cikin kimanin minti 40 ba tare da ya jira motar haya ba. Ga kuma amfanin lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a kowane mako, wanda mai zuwa aiki a keke zai cika ba tare da ya ware lokaci ba. Mutanen Maiduguri, inda aka hana hawan babur a 2011, sun daɗe da shaida amfaninsa.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Kasuwanninmu sun cika da sababbin kekuna masu ƙyalli da fenti, masu giya barkatai da abin rage gargada na ado kawai, waɗanda ake sayarwa da rahusa. Da yawa daga cikinsu an ƙera su da ƙarfe marar ƙwari. Kafin a yi wata uku ƙafa ta lanƙwashe, sarƙa ta riƙa zamewa, feda ta karye, birki kuma ya daina kamawa. Wani lokaci ma ba a samun kayan gyaran da suka dace da su. Irin wannan keke yana iya wadatar da yaro ko mai hawa don shan iska da la'asar, amma ba zai jure wa magidancin da ke tafiya kullum a kan hanya mai ramuka, ɗauke da kaya ko goyon ɗan makaranta ba. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado, kuma keken da birkinsa ya ƙi a gaban babbar mota, ai asararsa ta wuce ta kuɗi.

Shawararmu ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fifita ƙwari a kan ƙawa. Keke mai giya ɗaya irin na da, samfurin Raleigh ko Phoenix ko Hero, ya fi sauƙin gyara, kuma kowane mai gyaran keke ya san kansa. Na hannu mai nagarta ya fi sabo marar inganci. Kafin a biya kuɗi a tafi da wanda ya san sana'ar, a juya ƙafafun a ga ko sun miƙe, a matsa birki gaba da baya, a duba wuraren walda ko akwai tsagewa. Sannan a ware wani abu don fitila da ƙararrawa da kwaɗo, domin ɓarayin keke ba su yi ritaya ba.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Har yanzu ba a manta da abin da ya sami Ministan Sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, a 2001 ba, lokacin da mota ta buge shi a Abuja yana kan keke, yana ƙoƙarin nuna wa jama'a misali. Idan minista bai tsira ba, ina ga talaka? Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su keɓe wa masu keke gefen hanya a duk sabon titin da za a shimfiɗa, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma ta ja kunnen direbobin da ke matse su. Haka nan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sa ido a kan abin da ake shigowa da shi, kada ƙasarmu ta zama jujin kayan da aka ƙi a wasu wurare.

A da akwai masana'antar haɗa kekunan Raleigh a Kano. Muna fata gwamnati da attajiranmu za su duba yiwuwar farfaɗo da irin wannan aiki, a kuma ba ƙananan ma'aikata rancen sayen keke mai nagarta, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi. Da haka ne talaka zai sami abin hawa mai araha wanda zai kai shi aiki, ya kuma dawo da shi ga iyalinsa lafiya.