Mai Jegon Da Ke Barci A Zaune



Kwanakin baya an kawo mana wata mai jego daga wani ƙauye a yankin Gwiwa, kwananta ashirin da haihuwa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Na tambayi surukarta, "Inna, tun yaushe take haka?" Ta ce, "Ai 'yar nan, tun bayan suna a zaune take barci, in ta kwanta numfashi sai ya ƙi. Mun ɗauka nauyin jego ne." Da likita ya duba, sai aka ga zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu.

Wannan shi ne ciwon zuciya na haihuwa. Yakan kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan ta sauka, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kansa, suka zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano a 'yan shekarun nan ya nuna cewa ramammun mata da waɗanda jininsu ya hau lokacin goyon ciki sun fi shiga haɗarin.

Iyayenmu don ƙauna suke dama mana kunun kanwa, na sani. Sai dai kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ɗaga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A dama wa mai jego kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta wake da ƙwai da zogale.

Hawan jinin nan ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba, har ƙwaƙwalwa. Shi ke kawo jijjiga, wadda kan zo ko bayan an haihu, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta yi hawan jini da ciki kuwa, haɗarin na biye da ita shekaru, ko da jinin ya sauka. Idan awo ya nuna 140/90 ko fiye, magana ce ta likita.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida: haki, kasa kwanciya, kumburin ƙafa ko fuska, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa ta. A nemo mota nan take, a yi addu'ar a hanya.

'Yar uwa, ko a Kazaure kike, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, gwajin jini ba ya cin minti biyar. Awo bai ƙare ranar da kika haihu ba. Ki koma a duba ki a kwana na uku, sannan bayan suna, sannan in kin yi arba'in. Idan aka taɓa samun ki da wannan ciwon zuciya, ku je ke da maigida ku ga likita kafin wani cikin, domin yana iya dawowa da ƙarfi.

Mai jegonmu ta Gwiwa ta samu sauƙi, tana shan magani. Ranar da aka sallame ta, surukarta ta ce mini ta ajiye kanwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya bar mu da lafiyar renonsu. Sai mako mai zuwa.